Lebura ya faɗo a ginina ya karye: akwai alhaki a wuyana?

Wani bawan Allah ya aiko mini da tambaya a kan ginin da yake yi a wata sabuwar unguwa a bayan garin Kano. Bene ne hawa ɗaya, ya ba wani birkila aikin bulo jinga. An kai saman linta, sai falankin da ake tsayawa a kai ya karye da wani yaro lebura, ya faɗo ya karye a hannu. Birkila ya ce ƙaddara ce, aikin gini ya gaji haka. Shi kuwa mai ginin ya kasa samun natsuwa. Yana so ya sani: akwai alhaki a wuyansa tunda jinga ya bayar? In ya saya wa kowa hular kwano ya wadatar? Kuma me zai sa wa ido, tunda ga zubin dekin a gaba, ga ginin sama, ga haƙar sokawe?

Alhaji, ina yi maka jaje. Allah ya ba yaron nan lafiya, ya kiyaye na gaba. Na ji daɗi da abin ya dame ka, don na haura shekara 20 ina kula da wuraren gini, kuma na ga masu gini da yawa da iyakar abin da suke yi shi ne su miƙa kuɗin ɗori, washegari a ci gaba da aiki a kan irin katakon da ya kayar da mutum jiya.

Kafin komai, ka je ka ce a nuna maka falankin da ya karye. In ba a riga an hura wuta da shi ba, ka ɗauka ka duba bakin karayar. Ina kyautata zaton falankin inci ɗaya za ka gani, irin wanda kafinta ke haɗa akwatin linta da shi, ya sha ruwan kankare ya sha rana har ya mutu. Wataƙila ma akwai ƙullin reshe daidai inda ya balle. Sai ka tambaya a kan me aka ɗora shi. Galibi duro biyu ne masu nisa da juna, an ƙara musu tsawo da bulo, sannan aka jibge bulo goma da kwanon kwaɓi a tsakiya. Bulo inci 9 guda ɗaya ya kai kilo 20. Goma sun zama kilo 200, ga birkila a tsaye, ga lebura ya hawo da wani kwanon a ka. Katakon ya yi iya abin da zai iya.

Ƙaddara gaskiya ce, duk mun yi imani da ita. Amma wanda ya koya mana imani da ita, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, shi ne ya umarci mai raƙumi ya ɗaure abinsa sannan ya dogara ga Allah. A gininka ba a ɗaure raƙumin ba.

Da ka ambaci jinga na gane inda gizo ke saƙar. A jinga, kuɗin birkila yana cikin yawan bulon da ya ɗora. Awa biyun da zai ɓata yana kafa sikafol mai kyau, wato abin da ake hawa a tsaya a yi aikin sama, ba wanda zai biya shi su, kuɗin hayar ƙarfe ko na sayen katako mai kauri kuma daga ribarsa za su fita. Shi ya sa yake jawo duro ya shimfiɗa abin da ya samu. Ban ce mugu ba ne, shi ma fa a kan falankin yake tsaye. Tsarin biyan ne ya tura shi. Lebura kuwa, wanda aka ɗauko da sassafe a bakin titi da sheburinsa a kafaɗa, ba shi da bakin cewa ba zai hau ba, don akwai mutum goma a bayansa da za su hau. Duk wurin nan mutum ɗaya ne zai iya cewa a tsaya ba tare da ya rasa abincin ranar ba, kai ne. Don haka amsata ita ce eh, kana da naka kason. Jinga ta sauke maka wahalar ƙirga kwanakin aiki, amma fili naka ne, kuɗi naka ne, kuma wanda ke riƙe da kuɗi shi ake jin maganarsa a wurin gini.

Gyaran ba shi da wuya. Ka cire maganar sikafol daga cikin jinga gaba ɗaya. Kai za ka hayo ƙarfe ko ka sayi katako, kai za ka biya ranar kafawa daban. Da zarar birkila ya ga ba aljihunsa abin zai taɓa ba, za ka sha mamakin yadda zai fi kowa son wurin tsayawa mai kyau.

Wurin tsayawa mai kyau kuwa ga yadda yake. Falanki ya zama na inci biyu, ba tsaga, ba ruɓa. A jera aƙalla biyu gefe da gefe, in za a ajiye bulo a kai a yi uku, a ɗaure su ko a kafe su don kada wani ya taka baki ɗayan bakin ya ɗaga. Tazarar abin da ke riƙe da su daga ƙasa kada ta wuce ƙafa 4 zuwa 5. Ƙafafun sikafol su zauna a kan katako shimfiɗaɗɗe, kada a sa su a kan bulo, don bulo mai rami fashewa yake yi ba tare da ya yi gargaɗi ba. A ɗaure shi da jikin gini. Sai abin da kusan ba ka gani a ƙananan gine-ginenmu, alhali shi ne ya fi ceton rai: shingen baya. Sanda ɗaya daidai ƙugu, wajen mita ɗaya daga falanki, wata daidai gwiwa, da ɗan katako a tsaye a bakin falankin don kada ƙafa ta tura bulo ya faɗa kan na ƙasa. Tsani kuma ya zarce inda za a sauka da mita ɗaya, a ɗaure kansa, gindinsa ya ja baya ƙafa ɗaya a duk hawan ƙafa 4.

Mutane suna raina tsayin hawa ɗaya. Wanda ya faɗo daga mita 3 bai kai daƙiƙa ɗaya a iska ba, ba ya samun damar ko miƙa hannu ya kama wani abu, kuma yana isa ƙasa da gudun da ya kusa kilomita 28 a awa. Ka ƙaddara mai babur ne ya yi karo da bango ba tare da ya taka birki ba. Abin da ya raba karayar hannu da jana'iza shi ne abin da mutum ya tarar a ƙasa. Yaronka ya faɗa kan yashi ko fili. Da rodin fila ya tarar a tsaye, da wani zancen ake yi. Duk rodin da ya tsaya da baki sama, a lanƙwasa kansa ko a rufe shi da katako.

Hular kwano ka saya, tana da amfani ga wanda ke aiki a ƙasa ana aiki a samansa. Amma da yaron nan yana sanye da ita, haka falankin zai karye, haka hannun zai karye. Kayan sawa su ne na ƙarshe a lissafi, bayan an gyara wurin. In ma za a fara da abin da ya fi yi wa leburanmu amfani kullum, takalmi ne. Rabin raunin da nake gani a ƙafa yake: ƙusa ta huda silifa, bulo ya faɗo a kan yatsa, kankare ya cinye tafin ƙafa.

Yanzu ranar dekin, wadda ita ce ta fi ba ni tsoro a duk aikin da ya rage maka. Ranar ce ake tara mutum 30 ko 40 da ba su san juna ba, ga ƙarar injin kwaɓi, ga gaggawa don kowa so yake a gama kafin la'asar a sallame shi. Ka fara sanin nauyin da ake zubawa. Dekin mai kaurin inci 6 yana da nauyin wajen kilo 360 a kowace murabba'in mita. Ɗaki mai mita 4 tsawo 4 faɗi, kankarensa kaɗai ya kusa tan 6. Duk wannan, har ya bushe, gorar da kafinta ya tokara da ita ce ke ɗauke da shi. Don haka jajibirin zubi ka sa injiniya ya shiga ƙarƙashi ya bi gorar ɗaya bayan ɗaya. Ni ba na barin tazararsu ta wuce ƙafa biyu. Ba na yarda da gorar da aka yi wa haɗi a tsakiya don ta gaza tsawo, ko wadda aka ɗora a kan tarin bulo, ko wadda ke tsaye a kan cikon ƙasa da ba a daddaɓe ba, domin ruwan kankare yana zubowa ya jiƙa ƙasar, gorar ta nutse. A ɗaure su da juna a gicciye don kada su goce gaba ɗaya.

Wata rana a wani aiki ana tsaka da zubi, wani dattijon kafinta da na ajiye a gefe don sa ido ya ɗaga hannu ya ce a tsaya. Ba wanda ya ji komai sai shi. Muka leƙa, sai ga gora uku a kusurwa sun yi baka, ruwan siminti na ɗiga a kansu, ƙasan ɗaya ya shige cikin ƙasa kamar faɗin yatsu uku. Masu kwanon sarki sun tara kankare wuri guda maimakon su baza. Muka sauke kowa, aka ƙara tokara daga gefe, aka yi asarar awa ɗaya, leburori suna ta gunaguni. Tun daga ranar ban sake zubin dekin ba sai da mutum ɗaya wanda ba shi da wani aiki sai kallon gora, daga gefe yake kallo, kuma maganarsa ta fi tawa ƙarfi in ya ce a tsaya. Ba wanda zai zauna a ƙarƙashi ana zubi. Na sha korar masu shan inuwa da masu sayar da abinci daga wurin.

Gadar da masu kwanon sarki ke hawa ita ma a kula da ita. Ta yi faɗi, a kafa mata ƙananan katakai a gicciye don ƙafa ta samu abin takawa, domin bayan awa ɗaya za ta yi santsi da kwaɓi. In da hali a yi biyu, ta hawa daban ta sauka daban. Idan akwai baranda mai fitowa waje ba fila a ƙarƙashinta, ka sani rodinta a sama yake aiki. Leburori suna tattake shi ya kwanta ƙasa, a zuba kankare a kai ba wanda ya lura, sai ranar da aka cire gora barandar ta sauko da wanda ke kanta. A shimfiɗa musu falankin takawa, mai ɗaurin rodi ya tsaya yana ɗago duk wanda ya kwanta.

Bayan zubi sai jarabawar haƙuri. Kankare sai ya kwana 28 yake kai ƙarfin da aka lissafa masa, a kwana 7 kashi biyu cikin uku kawai yake da shi, shi ma in an yi masa ban ruwa yadda ya kamata. Kafinta zai zo a kwana 8 ya ce ana jiran katakonsa a wani aikin. Birkila zai ce a hau da bulo a fara ginin sama. Ni kwana 21 nake bari kafin a taɓa gora, kuma ba a jibge tifar bulo ko buhunan siminti a tsakiyar ɗanyen dekin. Ranar cirewa a fara daga tsakiyar ɗaki a yi gefe, a baranda kuma daga bakin waje a yi ciki. Sauri ya haifi nawa, in ji Hausawa, a nan kuwa abin da yake haifarwa ya fi nawa muni. Ba ka manta benen nan mai hawa 21 da ya rufta a Ikoyi ta Legas a ranar 1 ga Nuwamban 2021 ba, wanda ya ci rai sama da 40, ko wanda ake ginawa a titin Beirut a nan Kano da ya rushe a watan Agustan 2022. Ginin da ya faɗi ana tsaka da aikinsa, masu neman abincin yini ne ke cikinsa.

Ka ɗaga kai ka duba ko akwai babbar wayar lantarki kusa da filinka. Rodi ɗaya tsawonsa mita 12 ne. Mutum yana kan dekin, ya ɗago shi zai juya, bakinsa ya nufi waya. A babban layi ba sai ya taɓa ba, wutar tana tsallakowa. Ƙa'idar Najeriya ta ce a bar mita 5 da rabi kowane gefe ga manyan layukan wuta na 11kV da 33kV, amma wannan na gini ne, mai ɗauke da rodi yana buƙatar fiye da haka. In wayar tana kusa, a yanka rodi a lanƙwasa shi a ƙasa, a hau da shi ta ɗaya ɓangaren. Wayar janareta da ake ja wa mai walda da mai yankan tayil, kada ka yarda da haɗin da aka naɗe da leda, ko tsirarar waya da aka cusa a soket da tsinken ashana, musamman a wurin da ake ban ruwa. In ƙaramar wuta ta kama mutum, a kashe ta daga tushe ko a ture shi da busasshen katako. In babban layi ne, katako ba ya tsare kowa, a ja baya a kira masu wutar.

Sokawe kuma, mutane suna ganin ai ƙasa ake yi, ba faɗowa. Ƙasa mai mita ɗaya tsawo, ɗaya faɗi, ɗaya zurfi, ta kai tan ɗaya da rabi. In gefen rami ya zabtaro ya kama mutum zuwa ƙirji, ko kansa na waje numfashi gagararsa yake yi. Ramin da ya wuce ƙirjin mutum, a kwantar da gefensa ko a tokare shi da katako, balle in ƙasar yashi ce ko ciko. Ƙasar da aka haƙo a ja da ita baya aƙalla mita ɗaya daga baki, tifa kada ta matso, tsani ya zauna a ciki, kuma in an yi ruwa da dare kada kowa ya shiga sai an duba. Kada a sauke injin jan ruwa mai fetur cikin rami, hayaƙinsa ba ya fita, kwantar da mutum yake yi shiru. Idan za a haɗa da tsohuwar shadda, ko wani ya shiga ya faɗi ba motsi, abin da ya kayar da shi iska ce, kuma za ta kayar da duk wanda ya bi shi. Sau da yawa da ka ji an rasa mutum uku a rami ɗaya, na biyu da na uku masu ceto ne. Wanda zai shiga irin wannan wuri ya shiga da igiya a ƙugu, mutane biyu na riƙe da ita a waje.

Ga abin da nake roƙonka musamman: in an tashi aiki a rufe ramin ko a kewaye shi. Sabuwar unguwa ce, yaran maƙwabta da almajirai wurin gini ne filin wasansu, kuma ramin da ya tara ruwan damina ba ya nuna zurfinsa.

Siminti yana ƙona fata a hankali, mutum ba ya ji sai dare. Masu taka kankare su sa dogon takalmin roba, in ya shiga ciki a cire a wanke nan take. In ya faɗa ido, a yi ta zuba ruwa mai tsabta minti 20 sannan a tafi asibiti. Mai yankan bulo ko tayil ya jiƙa abin da yake yanka, ya sa tabarau, don ƙurar tana taruwa a huhu kuma ba ta fita. Daga Maris zuwa Mayu zafinmu yana haura digiri 40, a ajiye randa da inuwa, in azumi ne a fara da asuba a tashi kafin azahar. Wanda ka ga ya rikice yana magana ba kai, jikinsa ya yi zafi rau, a kai shi inuwa a yi ta jiƙa shi a nemi mota. Wanda kuma aka san ya sha tiramol don ya ƙara ƙarfi, kada ya hau sama ranar, ko da shi ne ya fi kowa aiki.

In tsautsayi ya sake aukuwa, Allah ya kiyaye, minti goman farko su ne ke lalata mutane da yawa. Wanda ya faɗo yana kukan wuya ko baya, ko ya ce ba ya jin ƙafarsa, kada a ciccibe shi hannu da ƙafa a naɗe shi a adaidaita. A kwantar da shi a miƙe a kan ƙofa ko falanki mai faɗi, wani ya riƙe kansa kada ya juya. Jini a danne shi da tsumma mai tsabta. Kada a zuba siminti ko baƙin mai ko man birki a ciwo, na ga ana yi, ƙara ɓata shi yake. Wanda ƙusa ta soka a yi masa allurar tetanus. Wanda ya bugu a ka ya miƙe ya ce lafiyarsa ƙalau, a kai shi asibiti duk da haka, don jini yana iya taruwa a cikin kai a hankali, mutum ya yi hira da yamma a kasa tashinsa da asuba. Ina girmama masu ɗori, amma karayar da ƙashi ya huda fata, ko ta kusa da gaɓa, ko ta baya, ta asibiti ce. Kuna Kano, ga asibitin ƙashi na Dala.

Ta fuskar doka, Najeriya tana da dokar biyan diyyar ma'aikata ta 2010, wadda hukumar inshorar ma'aikata ta NSITF ke gudanarwa, inda mai ɗaukar ma'aikata ke zuba kashi 1 cikin 100 na albashin da yake biya don a kula da wanda ya ji rauni a bakin aiki. Tun dokar inshora ta 2003 kuma aka wajabta yi wa dogon bene inshora yayin da ake gina shi. In za ka ba kamfani aiki nan gaba, ka tambaye su takardun nan. Amma leburan da aka ɗauko a bakin titi ba ya cikin rajistar kowa. Ranar da bai fita ba, gidansu ba a ɗora tukunya.

Shi ya sa nake so ka koma kan yaron nan tun kafin maganar dekin. Ka je ka gan shi da ƙafarka, kada ka aika. Ka tabbatar an ɗauki hoton hannun, ko da an riga an yi ɗori, a ga ko ƙashin ya zauna daidai, domin hannun da ya haɗe a karkace ba zai sake ɗaukar kwanon sarki yadda ya saba ba. Ka duba yatsunsa: in sun kumbura sun yi sanyi ko sun canza launi, ɗaurin ya matse, a kwance ɗaurin a tafi asibiti a ranar. Karayar hannu takan ɗauki mako 6 ko fiye kafin ta haɗe, sai ka lissafa abin da yake samu a yini ka riƙa ba shi har ya warke, kai da birkila ku daidaita yadda za ku raba. In ya fara samun sauƙi kuma yana so, ka ba shi ban ruwan dekin ko riƙon makullin sito har hannun ya yi ƙwari.